Zafin Shan Kashi a Gidajen Kallon Ƙwallo: Nazari Daga Ƙasar Haɗeja

Tsakure

Maƙalar ta duba dalilin da ya sa rashin nasarar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ke ƙona ran magoya bayanta a Haɗeja da garuruwan fadamarta. An gwada ra'o'in masana halayyar ɗan Adam da yanayin gidan kallo, aka tsaya a kan cewa tsiyar abokan hamayya ta fi sakamakon wasan ciwo.

Gabatarwa

Daga Haɗeja zuwa Auyo, Malam Madori da Kiri Kasamma, da wuya a rasa rumfar kwano mai janareto da bencina inda matasa ke biya su kalli gasar Firimiya ta Ingila ko La Liga ta Sifaniya. Manomin shinkafa da bai taɓa taka Landan ba zai ce shi ɗan Arsenal ne, idan an ci su kuma ya ƙi tuwon dare. Shin me ya rasa?

Abin da masana suka ce

Tajfel da Turner (1979) sun nuna cewa mutum yana ɗaukar wani ɓangare na darajarsa daga rukunin da ya jingina da shi. Cialdini da abokan aikinsa (1976) sun lura cewa ɗaliban jami'o'in Amurka sun fi cewa "mu" idan ƙungiyarsu ta ci, su koma "su" idan an doke ta. Jiki ma ba ya tsira: binciken Wilbert-Lampen (2008) ya gano cewa a ranakun da Jamus ta buga wasa a gasar cin kofin duniya ta 2006, larurar zuciya ta gaggawa a yankin Munich ta ninka fiye da sau biyu da rabi. Card da Dahl (2011) kuwa sun nuna cewa cin zarafin mata a gida yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 bayan an doke ƙungiyar da aka sa ran za ta ci, wato kashin ba-zata ya fi zafi.

Inda ra'o'in suka gaza

Mafitar da Cialdini ya bayyana ba ta buɗe ga ɗan Haɗeja ba. A filayen Turai ana raba magoya baya. A gidan kallo ɗan Madrid da ɗan Barcelona benci ɗaya suke, gwiwa na gugar gwiwa. Gobe da safe su haɗu a teburin mai shayi, da rana a kasuwar kifi, da yamma a majalisa. Kowa ya san ƙungiyar kowa, wani ma da sunanta ake kiransa, don haka ba shi da damar cewa "su". Wanda ya yi cika baki kafin Bayern Munich ta zura wa Barcelona takwas da biyu ranar 14 ga Agusta, 2020, ya san ba a ranar kaɗai zai biya bashin ba.

Kwatanci da ambaliya yana ƙara fito da wannan. Ruwan 2020 da na 2022 ya cinye gonaki masu yawa a fadamar kogin Haɗeja, asarar da ba a haɗa ta da wasa. Amma manomi yakan ce ƙaddara ce, maƙwabta su zo jaje, domin ba mai yi wa wani dariyar ambaliya. A ƙwallo kuwa, asararka ribar na kusa da kai ce, kuma a gabanka yake murna. Irin na ambaliyar aka gani ranar 11 ga Fabrairu, 2024, da Kwaddebuwa ta doke Nijeriya biyu da ɗaya a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan: an ji ciwo, amma kashin na kowa ne, ba mai jiran wani da tsiya.

A ganin wannan marubuci, zolayar ba aibi ba ce a kanta, dangin wasan taubasai ce, kuma tana ƙulla zumunci. Matsalar tana tasowa ne idan caca ta shiga, kunya ta haɗu da asarar kuɗi.

Kammalawa

Duk binciken da zai auna ɓacin ran magoya baya a ƙasar Haɗeja da ma'aunin Turai kaɗai, ba tare da ya zauna a majalisa washegarin wasa ba, rabin lamarin zai gani.