Farauta da karnuka

Farauta da karnuka tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma wasan nuna jarumta ne ga samari. An fi yin ta da rani, bayan an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe. Mafarauta kan fita ƙungiya-ƙungiya ƙarƙashin Sarkin Baka ko Sarkin Dawa, da gora da adda da ƙaho, wasu da bindigar toka.

Aikin kare shi ne ya shinshino nama, ya tayar da shi, ya bi. Zomo da gafiya da kurege da gada su ne abin da aka fi samu. Da zarar nama ya tashi, ubangidan kare ba ya tsayawa kallo: tare suke keta ƙaya, su tsallake kwazazzabo, su faɗa taɓon fadama, domin in ya yi jinkiri wani ya riga shi, kuma a nan rigima kan tashi. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo, in an ambaci sunan Allah.

Da dazuzzukan Kano da Katsina suka ragu, mafarauta sun koma shiga mota da karnukansu zuwa kudu. Babbar hanyar Kaduna zuwa Abuja, wadda ta ratsa Gonin Gora a ƙaramar hukumar Chikun, tana cikin hanyoyin da suka nufi can.

A Ingila kuwa, gudu da kare cikin taɓo, irin wanda mafarauci ke yi, ya zama wasa zalla. Gidan kula da dabbobi na Battersea, wanda aka kafa a 1860, ya shirya irin wannan tsere na kilomita 2.5 ko 5 don tara kuɗi.