The Bad Seed (1956): fim ɗin yarinyar da ta gaji kisa, da yadda masu kallo suka rabu a kansa

The Bad Seed, wanda masu jin Faransanci suka sani da La Mauvaise Graine, wato mugun iri, fim ne na ban tsoro da kamfanin Warner Bros. na Amurka ya fitar a shekarar 1956. Mervyn LeRoy ne ya ba da umarni. Fim ɗin baƙi-da-fari ne, tsawonsa ya ɗan haura awa biyu. Asalinsa littafi ne na William March da ya fito a 1954. A wannan shekara Maxwell Anderson ya mayar da shi wasan dandamali a birnin New York, kuma yawancin manyan ƴan wasan dandamalin su ne aka kwaso zuwa fim ɗin.

Labarin na Rhoda Penmark ne, yarinya ƴar shekara 8, mai tsabta da ladabi, irin wadda maƙwabta ke kafa wa ƴaƴansu misali da ita. Wani ɗan ajinsu, Claude Daigle, ya ci lambar yabo ta kyawun rubutu, wadda Rhoda ke ganin ita ta cancanta. Ranar da makaranta ta kai su shan iska bakin tafki, aka tsamo gawar Claude daga ruwa, lambar kuma ta ɓace. Uwar Rhoda, Christine, ita ta tsince ta cikin kayan ƴarta. Sannu a hankali ta gano cewa yarinyar ta doke shi da takalminta mai ƙarfe a dunduniya, kuma ba shi ne na farko ba. Daga baya Leroy, mai aikin gidan da ke tsokanar Rhoda cewa ya san sirrinta, ya ƙone a makwancinsa. Tsakanin haka Christine ta gano cewa ita kanta ƴar riƙo ce, wadda ta haife ta kuwa Bessie Denker ce, matar da ta yi ƙaurin suna wajen kashe mutane. A cewar fim ɗin, halin ya tsallake uwa ya sauka kan jika.

Fim ɗin ya yi kasuwa, aka kuma sa shi takarar Oscar a fanni 4: Nancy Kelly da ta fito a Christine, Patty McCormack da ta fito a Rhoda, Eileen Heckart, da mai ɗaukar hoto Harold Rosson. Bai ci ko ɗaya ba, amma Heckart ta samu Golden Globe. A kanta ne masu kallo suka fi haɗa baki. Ita ce uwar Claude, wadda ta shigo gidan su Rhoda sau biyu a buge, baƙin ciki na cin ta, tana roƙon a faɗa mata abin da ya faru da ɗanta tilo. Ko waɗanda fim ɗin bai burge ba sukan ware wannan wuri.

Sauran wasan kuwa ana ja a kansa. Kusan komai a falo ɗaya yake gudana, magana ta yi yawa, kuma ƴan wasan na ɗaga murya kamar har yanzu suna son na kujerar baya ya ji. Masu kallo na baya-bayan nan da yawa dariya suke yi a inda aka so su firgita. Masu kare fim ɗin na cewa tsoronsa na cikin abin da ba a nuna ba: ba a ga kisa ko ɗaya da ido, sai dai a ji ihun Leroy yayin da Rhoda ke kaɗa Au clair de la lune a fiyano, waƙar da duk wanda ya zauna a ajin Faransanci ya sani.

Babbar gardama ita ce ta ƙarshen fim ɗin. A littafin da wasan dandamalin, Christine ta ba ƴarta maganin barci fiye da kima sannan ta harbe kanta. Uwar ta mutu, aka ceto yarinyar, ba wanda ya san me ta aikata. Dokar tace fina-finai ta Hollywood a lokacin ba ta yarda mai laifi ya sha ba, don haka aka sauya. A fim ɗin uwar ta rayu, Rhoda kuma ta fita cikin ruwan sama da dare neman lambar a tafkin, aradu ta faɗo mata. Bayan wannan sai ƴan wasan suka fito ɗaya bayan ɗaya suna gaisuwa, Nancy Kelly ta kama McCormack ta ɗora a cinya tana ɗaɗɗaka mata duka cikin raha, sannan aka rubuta roƙo kada a bayyana wa wasu yadda aka ƙare. Wasu na ganin aradun hukuncin Allah ne, ya dace. Mafi yawan masu sharhi na ganin an lalata labarin, kuma da wuya a ce ba su da gaskiya: an shafe awa biyu ana tambayar me uwa za ta yi da ƴa irin wannan, sai sama ta amsa a madadinta.

Batun gado ne ya sa fim ɗin bai mutu ba. A cikinsa ma ana musu: uban riƙon Christine, Richard Bravo, na cewa tarbiyya da muhalli ke yin mai laifi, amma labarin ya karkata ga jini. Mai kallo Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan musu, tunda harshen da ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe shi ne ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Masana halittar gado ba su gano wani ƙwayar gado guda da ke sa mutum kisa ba. Abin da suka tsaya a kai shi ne gado da yanayin tasowa na aiki tare. Saboda haka masu suka ke cewa fim ɗin ya shafa wa ƴaƴan riƙo da ƴaƴan masu laifi baƙin jinin da ba su jawo wa kansu ba.

An sake yin fim ɗin don talabijin a 1985, sannan a 2018 da Rob Lowe ya ba da umarni, Mckenna Grace ta fito a yarinyar. A wannan na 2018, Patty McCormack ta dawo a matsayin likitar ƙwaƙwalwar da aka kai yarinyar wurinta.