Harafin ڟ na Ajami da lambarsa a kwamfuta

ڟ harafi ne na Ajamin Hausa da ake rubuta sautin "tsa" da shi, kamar a tsuntsu da tsamiya. Babu shi a Larabci. Malamai sun ɗauki ɗa mai hannu, wato ط, suka ɗora masa ɗigo uku.

Ba kowane marubuci ya bi wannan ƙa'ida ba. A tsofaffin takardu akan tarar da "tsa" an rubuta shi da ط tsura, sai mai karatu ya gane daga ma'ana ko "ɗa" ake nufi ko "tsa". Karin harshe ma ya sa hannu: Sakkwatawa, har da mutanen Rara, Rabah, Goronyo da Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, sukan furta wasu kalmomin da sauti mai kama da "ca", su ce tcada a maimakon tsada.

Kwamfuta ba ta san siffar harafi ba, lamba ta sani. Tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi na duniya lambarsa, ya ba ڟ lamba U+069F tun farkon shekarun 1990, tare da bayanin cewa na tsohuwar Hausa ne. Ya riga rubutun Sumer na ƙasar Iraƙi ta yau, wanda aka daddanna a kan laka shekara kusan 5,000 da suka wuce. Alamarsa 𒀭 mai nufin sama ta sami U+1202D a 2006. Amma sauran 'yan uwansa sun sha jira. Fa da ƙaf irin na ruwayar Warshu, wadda ake koyarwa a makarantun allo, sai 2016 suka shiga, haruffan "gwa" da "ƙwa" masu ɗigo uku kuwa sai 2020. Abin mamaki ne a ce rubutun da masu shi suka shuɗe ya riga wanda yara ke wankewa daga allo kullum.

Amfanin lambar a wajen bincike yake. Hoton shafi yana adana waƙar Nana Asma'u, amma ba a iya neman kalma a cikinsa sai an buga ta harafi-harafi. Yawancin madannan Larabci na waya ba su da ڟ, don haka mai bugawa yakan sa ظ ko ط a gurbinsa. Wanda ya zo neman kalmar da ڟ daga baya ba zai same ta ba.