Goshin Dandamali: Tarihin Wurin da Neman Sunansa

Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan rubutu wata 'yar gardama ce da ta tashi a ƙungiyarmu nan Dutsin-Ma, ranar da muke gwajin wasan kwaikwayon Makon Hausa. Mai ba da umarni yana son ɗan wasa ya fito daga bayan labule, ya zo can gaba inda dandamali ya ƙare, ya yi wa 'yan kallo magana. Ya buɗe baki zai faɗa masa wurin tsayawa, sai kalma ta ƙi zuwa. Da ya rasa yadda zai yi, ya aro ta Turanci. Nan take wani ya ce Hausa ce ta gaza. Ni kuwa na koma ɗaki ina tambayar kaina: yaya harshen da ya raɗa wa kowane lungu na gida suna, tun daga zaure da shigifa har turaka da madafi, zai rasa sunan wannan ɗan wuri? Da na bi diddigi, sai na tarar wurin ne baƙo a ƙasar Hausa, baƙo kuwa sai ya sauka ake sanin sunansa.

Inda wurin ya samo asali

Girkawan dā suna yin wasanninsu a fili, a gindin tudu. 'Yan kallo suna zaune a jikin tudun hawa-hawa, masu waƙa da rawa kuma suna cikin wani fage mai siffar da'ira a ƙasa. Har yau ana iya ganin irin wannan fage a Efidauras, wanda aka gina a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa. A bayan fagen akwai wata rumfa da 'yan wasa ke shiga su sauya kaya, sunanta "skene". Wurin da ke gaban rumfar suka kira shi "proskenion", wato gaban rumfa ke nan kawai. Daga nan Rumawa suka ari kalmar, daga bakinsu ta isa harsunan Turai.

Da aka mayar da wasa cikin ɗaki a ƙasar Italiya, sai aka gina wa dandamali wata babbar ƙofa mai baka wadda 'yan kallo ke leƙen wasa ta cikinta, kamar mai kallon hoto a bango. Wadda ta fi daɗewa cikin irinta da ke nan har yanzu tana gidan wasa na Farnese a birnin Parma, ginin 1618. Ɗan abin da ya turo daga ƙofar zuwa wajen 'yan kallo kuwa, mutanen Ingila suka ba shi sunan ƙyallen da mai girki ke ɗaurawa a gaba don kare tufafinsa. A 1758 wani masanin Faransa, Diderot, ya shawarci 'yan wasa su ɗauka akwai bango a bakin dandamali, su yi wasansu kamar ba kowa a ɗakin. Mai karatu ya lura, duk waɗannan sunaye daga kayan gida aka ɗauko su: rumfa, ƙyalle, bango. Babu wanda ya faɗo daga sama.

Yadda namu wasannin suke

Bahaushe ya san kwaikwayo tun kafin ya ga Bature. Akwai wasan gauta da matan fada ke yi suna kwaikwayon sarki da fadawansa. Akwai kalankuwa da samari da 'yan mata ke yi da kaka. Akwai tashe da watan azumi, da 'yan kama masu kwaikwayon malamai, da wasan bori. Duk waɗannan a dandali ake yin su, ko a fage, ko a ƙofar gida. Jama'a su yi da'ira, mai wasa ya shiga tsakiya. Da'ira kuwa ba ta da gaba, ba ta da baya. Ɗan kama yana juyawa gabas da yamma, wanda ya ji daɗi ya kutsa ya yi masa kari, wanda aka zolaya ya rama, mata su rangaɗa guɗa. To, a ina za a sami sunan gaban abin da ba shi da gaba?

Kalmar dandamali kanta tsohuwa ce, amma asalinta ɗan tudun ƙasa ne da ake ginawa a gida don zama ko takawa, ɗan'uwan dakali. Mumbari kuma daga Larabci muka samo shi, na liman ne mai huɗuba. Makarantar boko ce ta ɗora wasa a kan dandamali. A shekarun 1930 aka buga littafin R. M. East mai wasanni shida domin 'yan makaranta. Malam Aminu Kano ya rubuta nasa tun yana ɗalibi. Abubakar Tunau ya fito da Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi ya biyo da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, sannan Muhammadu Sada da Uwar Gulma a 1968. A makaranta kuwa zauren taro ake da shi. A jera bencina sahu-sahu, a haɗa tebura a gefe guda, a rataya zannuwan gado su zama labule. Ranar da aka fara yin haka, ranar wasan Hausa ya yi gaba da baya. Ɗan wasa ya koyi kada ya juya wa jama'a ƙeya, ɗan kallo ya koyi yin shiru.

Ba kowa ne ya yarda da wannan tsari ba. A tsakiyar shekarun 1970, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Michael Etherton na sashen wasan kwaikwayo da wani maginin Amurka, Steven Ehrlich, suka sa aka gina gidan wasa na ƙasa wanda aka kwaikwayi fasalin gidan Bahaushe, ga ɗakuna kewaye, ga fili a tsakiya. Daga can ɗalibai suka riƙa fita da wasa zuwa Samaru da ƙauyuka, suna yin sa a tsakiyar manoma. Wato Turawan da suka kawo mana ƙofar, su ne kuma wasunsu suka zo suna sha'awar da'irar da muka bari.

Abin da na gani a Kurfi

Bayan Makon Hausa muka ɗauki wasan nan muka hau hanyar Katsina, muka sauka a Kurfi. Ba zaure, ba labule, sai fili da inuwar bedi. Muka ja layi a ƙasa muka ce nan ne gaba. Kafin a yi haka, yara da manya sun kewaye mu ta ko'ina, layin ya ɓace a ƙarƙashin sawu. Muka ci gaba da fuskantar gefe guda kamar yadda muka saba. Can sai wata tsohuwa daga bayana ta ɗaga murya ta ce, "Kai yaro, mu na nan ba mutane ba ne?" Na juya na ce, "Yi haƙuri, Iya, ga ni." Aka fashe da dariya. Daga nan muka bar tsarinmu muka bi nasu, kuma ban taɓa ganin wasan ya yi armashi kamar na ranar ba. Wani dattijo har ya shiga ya yanke wa mijin cikin wasan hukunci tun alƙali bai iso ba.

Wace kalma za mu ɗauka?

Duk da haka, zauren taro ya zo ke nan, kuma tun da aka buɗe jami'a a garin nan a 2011 muna hawa dandamali. Dole wurin ya sami suna. "Gaban dandamali" yana da ruɗani, don mai sauraro zai zaci ƙasa ake nufi, inda manyan baƙi ke zama. "Bakin dandamali" ya dace da ainihin gefen da in ka wuce ka faɗi, kamar bakin rijiya ko bakin kogi. Ni a ganina, filin da ke tsakanin labule da wannan baki a kira shi "goshin dandamali". Goshi shi ne abin da ke fara isa kafin sauran jiki, shi ya sa muke cewa goshin azumi da goshin magariba. Ga shi kuma a jikin dandamalin yake, ba a wajensa ba.

Kammalawa

Ina roƙon malamanmu da 'yan'uwa ɗalibai su auna wannan shawara, in akwai wadda ta fi ta su kawo a fitowa ta gaba. Sai dai kowane suna muka zaɓa, mu tuna goshin nan shi ne abin da ya rage mana na dandali a cikin zaure, domin nan ne kaɗai ɗan wasa ke kusantar jama'a har su ji numfashinsa. Wanda ya tsaya a wurin ya yi magana da mutane, ya kuma saurari amsa, ko da daga baya ta fito, kamar ta Iya ta Kurfi. Allah ya sa mu dace.