Abin Da Malamin Jangali Bai Ƙirga Ba

Duk wanda ya bi hanyar Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada da Doguwa ya san ƙasar shanu ce. Da na shiga bin tarihinsu, sai na tarar kusan duk abin da aka ajiye lissafi ne: kai kaza, jangali kaza. To, ni a ganina garke ya wuce adadi. Jama'a ce mai shugabanni, mai zumunci, mai kuma tuna baya.

Bari mu fara da ita saniyar. Idanunta a gefen kai suke, saboda haka tana ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita ba tare da ta waiwaya ba. Da sansana take tantance maraƙinta a jikin dangwali, ta kuma san kukansa a cikin maruƙa ashirin. Bafulatani kan raɗa wa kowace suna, ya san uwarta da kakarta. A 2009 masana a Jami'ar Newcastle ta Ingila sun gano cewa shanun da ake kira da suna sun fi ba da nono. Matan ruga sun daɗe da sanin haka. A kowane garke kuma akwai tsofaffin shanu da ke shiga gaba, waɗanda suka san burtali da mashaya, ƙanana na biye suna koyo.

Idan mai karatu ya riƙe wannan, zai gane girman masifar bushiya. Cutar ta shigo Afirka ta tashar Massawa a 1887 tare da shanun da Italiyawa suka kawo, kafin 1891 ta iso ƙasar Hausa, ta kashe takwas ko tara cikin kowane goma. An sa wa annobar suna "sannu", don ba abin da ake ji sai jaje. Wanda ya sake haɗa garke daga baya, baƙin shanu ya tara, ba su san juna ba, ba su san muryarsa ba, ba su san hanyar rafi ba. Dukiya takan dawo cikin 'yan shekaru, amma sabo sai an haifi 'ya'ya da jikoki. Cutar ta sake ɓarkewa a 1983, sai a 2011 aka tabbatar an kawar da ita daga duniya.

Bayan annoba sai canjin ƙasa. Madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Audu Baƙo, ta shanye fadamu, gonaki kuma suka yi ta cin burtali. Gwamna Abubakar Rimi ya soke jangali a 1979, makiyaya suka huta da ɓoye shanu, amma hanyar da saniya ta haddace ba ta dawo ba. A 2015, da aka ƙwato shanun sata daga dajin Falgore, aka dawo kan tsohon ilmi, domin makiyaya kan ce shaidar mai saniya ita ce ya kira ta, ta taso.

Don haka ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, in mun je hutu mu zauna da dattawan ruga, mu rubuta sunayen shanu da kirarinsu da tsofaffin burtalai tun masu sani na da rai. Allah ya ba mu iko, amin.