Daga Awartakin Wanzami Zuwa Cikon Haƙori: Tarihin Mataimakan Likitocin Haƙori da Darasinsa ga Kudancin Kano

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a bi diddigin yadda aikin cike haƙori ya fita daga hannun likita shi kaɗai, ya shiga hannun mataimakansa waɗanda aka ƙara wa horo. Bayan haka za a dubi abin da wannan tarihi yake nuna mana game da ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa a kudancin Jihar Kano. Dalilin zaɓen wannan yanki kuwa shi ne nisan yawancin ƙauyukansa da birni, inda likitocin haƙori suka taru.

2.0 Bahaushe da Haƙorinsa Kafin Zuwan Turawa

Tun fil azal Bahaushe bai yi sakaci da bakinsa ba. Yana da asuwaki, wanda addinin Musulunci ya ƙara ƙarfafa yinsa, yana goge baki da gawayi ko gishiri, mata kuma suna ado da fure da goro. Idan ciwo ya taso, sai a danna kanumfari a gurbin, ko a kuskure da ruwan gishiri mai ɗumi. Jama'a sun ɗauka tsutsa ce take cin haƙori, shi ya sa ake yin turare don a kore ta.

Idan duk wannan ya faskara, sai a tafi wurin wanzami. Shi ne mai aski da ƙaho da kaciya da cire beli, shi ne kuma mai cire haƙori da awartaki. Sana'a ce ta gado, wadda Sarkin Aska yake shugabanta, ɗa yana koyo a gaban ubansa shekara da shekaru. Abin lura a nan shi ne, duk gwanintar wanzami a cirewa ta tsaya. Ba shi da hanyar da zai toshe kogon haƙori ya bar shi a baki yana aiki. Saboda haka a wurin Bahaushe maganin haƙori da cire haƙori suka zama abu guda, kuma wannan fahimta tana nan a karkara har yau.

3.0 Yadda Mataimaka Suka Samu a Ƙasashen Waje

A shekarar 1913 wani likita mai suna Alfred Fones ya buɗe makaranta a garin Birijfot na ƙasar Amurka don koya wa mata aikin kankare dattin haƙori da gargaɗin jama'a kan tsabtar baki. Waɗannan ba a yarje musu su cike haƙori ba.

Ƙasar Niyu Zilan ce ta fara ƙetare wannan iyaka. Binciken lafiyar samarin da aka ɗiba soja a Yaƙin Duniya na Farko ya nuna haƙoransu sun lalace ƙwarai, likitoci kuma ba su isa ba. Don haka a 1921 gwamnati ta buɗe makaranta a Welintin bisa jagorancin Thomas Hunter, inda ake horar da mata shekara biyu, a tura su makarantun firamare su riƙa cike haƙoran yara da cire na nono. Malaya ta kwaikwayi wannan tsari a 1949, Ingila kuma a 1960.

Ba a rasa masu suka ba. Ƙungiyoyin likitoci, musamman a Amurka, sun daɗe suna cewa wanda bai yi cikakken karatun likita ba zai iya yi wa haƙori illar da ba ta gyaruwa. Wannan ja-in-ja ya sa sai a 2009 Jihar Minesota ta zama ta farko da ta yi dokar ba irin waɗannan ma'aikata lasisi. Abin da ya kwantar da hankalin wasu daga cikin masu suka shi ne an ƙayyade wa mataimaki iyakar aikinsa, an kuma ajiye shi ƙarƙashin kulawar likita.

4.0 Halin da Aka Bi a Nijeriya

A Nijeriya makarantar mataimaka ta riga ta likitoci. An kafa makarantar masu ƙera haƙoran roba a Legas a 1955, ta masu tsabtace haƙori kuma a 1957, sa'an nan a 1966 Jami'ar Legas ta fara horar da likitocin haƙori. Jami'o'in Badun da Ife da Binin suka biyo baya cikin shekarun 1970. A 1982 aka mayar da makarantar tarayya ta mataimaka zuwa Inugu, a 1993 kuma Doka ta 81 ta kafa hukumar da ke yi musu rajista.

Duk waɗannan a Kudu suke. Arewa ba ta sami tsangayar likitancin haƙori ba sai bayan shekarar 2000, da farko a Maiduguri, daga baya a Jami'ar Bayero ta Kano. Sakamakon wannan jinkiri shi ne, mutumin Riruwai ko Kafin Maiyaki da haƙori ya hana shi barci yakan haƙura da ƙwayar kashe zafi, har sai kunci ya kumbura. Lokacin da zai kama hanyar birni, kogon ya riga ya kai ga jijiya, babu abin da ya rage sai cirewa. Watau asibiti ya gaji wanzami, aikin bai sake ba. Mafi munin abin da sakaci da baki yake jawowa shi ne cutar noma, wadda take cinye fuskar yaran da tamowa ta kama. Saboda ita aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, a 2023 kuma, bisa roƙon Nijeriya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su.

5.0 Ciko Ba Tare da Lantarki Ba

A da babbar hujjar da ake kafawa ita ce, ciko ba ya yiwuwa sai da kujera ta musamman da injin huda da wutar lantarki da ruwan famfo. Wannan hujja ta yi rauni tun tsakiyar shekarun 1980, sa'ad da Jo Frencken, likita ɗan ƙasar Holan mai aiki a Tanzaniya, ya fito da wata dabara. Ana sa ɗan ƙarfe mai kama da cokali a ƙwaƙule ruɓaɓɓen wurin da hannu, a share da auduga, a kwaɓa wani gari da ruwansa, a cusa a kogon, a danne da yatsa. Wannan kwaɓi yana manne wa haƙori da kansa, yana kuma sakin sinadarin fuloraid mai hana sabuwar ruɓa. Galibi ba a bukatar allurar kashe zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gabatar da dabarar ga duniya ranar 7 ga Afrilu, 1994.

Sai dai tana da iyaka. Ta fi ƙarko a ƙaramin kogo mai fuska ɗaya, ba ta kuma amfani idan ciwo ya taɓa jijiya. Don haka jigon horon shi ne sanin haƙorin da za a cike da wanda za a tura wa likita. Irin wannan ido sai wanda ya daɗe yana duba bakin mutane, shi ya sa ƙwararren mataimaki ya fi sabon ɗalibi dacewa da ƙarin horon.

6.0 Kammalawa

Tarihin da aka kawo ya nuna cewa a wasu ƙasashe ciko ya isa ƙauyuka ne ta hannun mataimaka, ba don likitoci sun yawaita ba. Wannan yanki yana da harsashin da za a ɗora a kai, domin akwai makarantar koyon aikin lafiya a Bebeji, akwai kuma asibitoci da ɗakunan shan magani a ƙananan hukumomin huɗu. Shawarar wannan takarda ita ce a zaɓi mataimakan da suka yi shekaru a bakin aiki, a ƙara musu horon ciko, a rubuta musu iyakarsu, likita kuma ya riƙa zagayawa yana duba aikinsu. A fara da makarantun firamare, domin turmin farko na dindindin yana fitowa ne wajen shekara 6, iyaye kuwa sukan zaci na nono ne su ƙyale shi ya ruɓe, alhali idan ya fita babu wani da zai tsiro a gurbinsa.