Dikulofenak: iyakar abin da babba zai sha a rana

Dikulofenak magani ne na rage ciwo da kumburi. Likita yakan rubuta shi ga mai ciwon gaɓoɓi, ciwon baya, ciwon haƙori ko targaɗe. A jikin kwalinsa ana rubuta Diclofénac, wani lokaci kuma Voltarène. Ba ya warkar da tushen cuta, zafin kawai yake kwantarwa.

Kafin ku sha, ku duba lambar da ke jikin kwali. Kusa da ita akwai baƙaƙe biyu, "mg", wato miligaram, ma'aunin ƙarfin ƙwaya. Akwai ƙwaya mai 25, mai 50, mai 75 da mai 100. Babba ba ya wuce miligaram 150 tsakanin safiyar yau da safiyar gobe. In ƙwayar mai 50 ce, guda uku ke nan: ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da dare. In mai 75 ce, guda biyu. In mai 100 ce, ɗaya tak, domin biyu sun kai 200. Wannan iyaka ce, ba wai dole a kai ta ba. Sau da yawa likita yana rubuta ƙasa da haka, musamman ga tsofaffi, kuma na ƴan kwanaki kaɗan. Abin da ya rubuta shi ake bi.

A haɗiye ƙwayar da ruwa cikin kofi, tare da abinci, kada a tauna ta. Wanda ya manta bai sha ba, kada ya haɗa biyu don ramuwa.

Me ya sa ake wannan tsantseni? Sinadarin da maganin ke tarewa a jiki don ciwo ya lafa, shi ne kuma ke kare bangon ciki, yana taimaka wa jini ya isa ƙoda. In an yawaita sha, ciki na iya yin gyambo har ya zubar da jini, ƙoda kuma ta raunana. Haɗarin yana ƙaruwa idan jiki ya rasa ruwa, kamar manomi da ya yini a gona cikin zafin rana, ko mai azumi, ko mai zawo. Abin takaici, a irin wannan lokaci ne mutane suka fi neman "maganin gajiya" wurin masu talla a kasuwa, inda ake ƙulle ƙwayoyi barkatai cikin leda ba suna ba lamba. Cikinsu ana iya samun ibuburofen ko asfirin, waɗanda dangin dikulofenak ne, kuma haɗa su yana ƙara ɓarna, ba sauƙi ba.

Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko hanta mai tsanani, da wanda asfirin ke tayar masa da asma, kada su sha. A shekarar 2013 hukumar magunguna ta Turai ta hana ba da shi ga masu ciwon zuciya da waɗanda suka taɓa shanyewar ɓarin jiki. Mace mai ciki ba ta shan sa daga farkon wata na shida, kafin nan ma sai da izinin likita. Mai hawan jini ya faɗa wa likita tun kafin a rubuta masa.

Zazzaɓi kuwa, a je a auna jini tukuna, domin wannan magani ba ya kashe ƙwayar cutar cizon sauro.

Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin, ko ya yi aman jini, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko fitsarinsa ya ragu sosai, ya daina sha nan take. A kai shi asibiti mafi kusa, a tafi da kwalin maganin don ma'aikacin lafiya ya gani.